Wa zai sayi ganga? Nauyin kiɗan samari ya koma wuyan iyaye a Madawa, Buza da Keita

Duk mai sauraron rediyo a ƙasar Adar da Gobir Tudu ya san irin sanarwar nan da muke karantawa bayan labarai, tsakanin ta ɗaurin aure da ta cigiyar akuya: samarin unguwa kaza suna gayyatar jama'a wasa ranar Asabar da la'asar, shiga dala ashirin, abin da aka samu za a gyara kayan kiɗa da shi. Mai saurare yakan ɗauka aikin samari ne su kaɗai. To amma in aka bi sawun kuɗin da aka biya sanarwar da su, da na hayar kujeru, da na man injin wuta, sau da yawa sai a tarar daga bakin zanen wata uwa suka fito, ko daga aljihun wani uba mai tebur a bakin tasha. A Madawa da Buza da Keita, kamar sauran garuruwan da suka yi nisa da Yamai, nauyin kiɗan yara ya sauka daga kan gwamnati ya koma wuyan iyaye, ba tare da an taɓa yin taro an yanke shawarar haka ba.

Wannan magana ta shafe ku kai tsaye, ƴan kasuwa maza da mata, domin ku ake fara kawo wa takardar neman gudummuwa. Akwai mai ba da jika guda don a rabu da shi, akwai mai cewa Allah ya ba da sa'a ya juya ga cinikinsa, akwai kuma mai yin tambayar da ta fi kowace nauyi: kuɗin nan ina za su, wa zai riƙe su, kuma me yaro zai samu cikin kiɗa? Mai wannan tambaya ba marowaci ba ne. Shi ne ma ya fi kowa cancantar a ba shi amsa.

Lokacin da ganga take da uba

Waɗanda suka haura shekara 50 ba sai an ba su labarin samariya ba. Bayan da Seyni Kountché ya karɓi mulki ranar 15 ga Afrilun 1974, ya farfaɗo da tsohon tsarin nan na sarkin samari, ya mai da shi ƙafar da mulkinsa ke takawa a kowane gari da kowace unguwa. Samariya ta yi gayya, ta gina azuzuwan lakwal, ta share kasuwa, ta dasa itace. Amma abin da ya fi zama a zukatan mutane shi ne wasan ƙasa na matasa, wanda aka fara a Damagaram a 1976, ake kuma zagayawa da shi jiha-jiha. Kafin a kai can sai an yi tankaɗe da rairaya tun daga ƙasa: ƙauye ya kara da ƙauye, gunduma ta fitar da gwanayenta, sannan a haɗu a Tawa a zaɓi waɗanda za su ɗauki sunan jiha. Ana gasar rawa, da waƙa, da wasan kwaikwayo, da kiɗan gargajiya, da na zamani. Yaron da bai taɓa wuce Tamaske ba sai ga shi a mota za shi wata jiha, da anko sabo fil, gari duka na jiran a ji sakamako a rediyo.

Kada dai mu yi wa wancan zamani kwalliyar da ta wuce tasa. Ko a lokacin ƴan kasuwa sun zuba kuɗi, kuma ba kowa ke iya cewa a'a ba in saƙo ya fito daga ofishin mai mulkin gunduma. Waƙoƙin ma da yawansu na yabon manufofin hukuma ne. Sai dai akwai abu guda da ba mai musunsa: ganga tana da uba. Akwai gidan matasa da al'adu, wanda aka fi sani da MJC, akwai ma'aikacin da aka ɗora wa alhakin horar da yara, akwai ranar da kowa ya san za a fita fage. A shekarun 1980 ne kuma aka ƙirƙiro gasar kiɗan zamani mai sunan Ɗan Gurmu, shahararren mawaƙin nan na ƙasar Tawa, wadda ta fito da mawaƙa da dama.

Kountché ya rasu a Nuwamban 1987, kuɗin yuraniyom sun riga sun ja baya, babban taron ƙasa na 1991 ya zo ya buɗe ƙofar jam'iyyu, samariya kuwa ta tafi da mulkin da ya raya ta. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, duk abin da ake shigowa da shi daga Turai ya ninka kuɗi, har da tsirkiyar gita. Samari suka watse suka koma fada, ana dafa shayi ana sauraron kaset. Daga baya waƙoƙin finafinan Kano suka mamaye gidajen biki, sai ga shi yaro guda da kwamfuta da lasifika biyu ya tare gurbin makaɗa biyar.

Waɗanda suka cike giɓin a tsakani su ne ƴan siyasa. In zaɓe ya matso sai kayan sauti su fito, a ɗinka riguna, a ba samari na shayi, a yi wa ɗan takara waƙa. In an gama zaɓe kayan su koma gidan mai su, a kulle. Wannan ƙofa ma yanzu a rufe take, tunda an rushe majalisun ƙananan hukumomi a Afrilun 2024 aka naɗa kantomomi, aka kuma rushe jam'iyyu a Maris ɗin 2025. Ke nan saura wa? Saura uwa da uba da maƙwabcin da ke da ɗan hali.

Dala-dala

Abin da ya sa ba mu fid da rai ba shi ne, tara kuɗi ba baƙon abu ba ne a wannan yanki, musamman wajen mata. Tun kafin a san banki akwai adashe, akwai biki da ake yi wa juna ana ramawa ninki. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara tsarin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi, ya bazu ya shigo Tawa, daga nan ya ƙetare har ƙasashen da ba su san ma'anar sunan ba. Tsarin kowa ya san shi: mata su haɗu duk mako, kowace ta zuba abin da aka yanke, a sa a akwati a gaban idon kowa, mai bukata ta ci bashi ta maido da ɗan ƙari, ƙarshen zagaye a fasa a raba. Yawancin irin waɗannan ƙungiyoyi suna da ƙaramin asusu na biyu, na haihuwa da rashin lafiya da rasuwa. Wanda ya iya riƙe asusu biyu ba zai kasa riƙe na uku ba.

Bari mu yi lissafi irin na kasuwa, a misali kawai. Mata 30, kowace ta ajiye dala ashirin a mako, wato sefa 100, kuɗin da bai kai na ƙosan safe na gida guda ba. A mako an sami jika 3. A shekara, mako 52, an sami jika 156. In mazajensu 30 suka zuba dala ɗari-ɗari a wata, ga wata jika 180 ta shigo. An haura jika 330 ke nan ba a roƙi kowa ba, ba a rubuta wa wata ƙungiyar Turawa takarda ba. Wannan ba zai sayi kayan sauti irin na manyan mawaƙan Yamai ba, amma zai ɗinke ganguna, ya sayi kalangai da gurumi, ya kawo gita ko biyu na hannu, ya kuma bar na sallamar mai koyarwa.

Ba kuma dole sai tsabar kuɗi ba. A kwarin Tarka da Majiya dukiya albasa ce, kuma duk mai harkar ya san bambancin kuɗin buhu a lokacin cira, sa'ad da kasuwa ta cika ta batse, da kuɗinsa bayan wata biyar ko shida in ta yi wuya. Manomin da ba zai iya fitar da jika biyar a aljihu ba zai iya ba da buhu guda ranar da yake cira, a zuba a rudu a jira. Sai dai a nan akwai kasada, don albasa tana ruɓewa a ajiya tana kuma raguwa, saboda haka a ba wanda ya san aikin ya kula da ita, ba yaran kiɗa ba. A tudu kuwa, wajen Keita da Buza, damen hatsi ne a kaka, ko tiyar wake. Masu saƙar tabarmar kaba, wadda Madawa ta yi suna a kanta, suna iya ba da tabarma a yi gwanjonta ranar wasa. Tela ya ɗinka anko a kan rabin kuɗi. Direba ya ɗauki yara da kayansu zuwa garin da ake gasa, a biya shi na mai kawai. Duk wannan gudummuwa ce, kuma ya kamata a rubuta ta a littafi kamar yadda ake rubuta jikar Alhaji.

Sai kuma ƴan cin rani. Ba gidan da ba shi da mutum a Abijan ko Legas ko Kano ko Libiya, ƴan Tamaske kuwa an san su da kasuwanci a Najeriya tun kaka da kakanni. Yau kusan kowane gari yana da zaurensa na WhatsApp, inda ake tara kuɗin gyaran masallaci, da fanfo, da ɗaukar marar lafiya, a turo ta Nita ko Al Izza ko Amana cikin yini guda. Abin da muka lura shi ne, mutumin da ke nesa ya fi na gida saurin buɗe hannu ga kiɗan garinsu, don shi kewa ke cin sa. In aka ɗauki yara a waya suna kaɗa irin kiɗan da ya tashi yana ji, aka tura masa cikin dare yana kwance a ɗakin haya, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Amma kuma shi ne ya fi kowa saurin janyewa in ya turo sau biyu bai ga hoton abin da aka saya ba.

Wasan shiga da kuɗi, wanda ƴan lakwal ke kira karmes, shi ne aka fi yi kuma shi ne ya fi ruɗi. Ana ganin fili ya cika a ɗauka an yi riba. In aka cire hayar kujeru da rumfa, da man inji, da kuɗin takardar izini, da na masu tsaron ƙofa, da ƴan uwa da abokan arziki da suka shiga kyauta, wani lokaci abin da ya rage bai kai kuɗin fatar ganga ba. Masu cin ribar ranar na gaskiya su ne masu sayar da ƙosai da fanke da lemun zoɓo a bakin ƙofa. Shi ya sa dabara ita ce iyaye mata su riƙe wannan ciniki da kansu, su ware wani kaso na asusu.

Saye ba wuya

Kuskuren da ake yawan yi shi ne a zuba duk abin da aka tara a saye, a manta da riƙo. Ku ƴan kasuwa kun fi mu sanin wannan: ba sayen mota ne wuya ba, taya da mai ne. Kayan kiɗan zamani ba a yi su don ƙurar hunturu da zafin bazarar Adar ba. Fiyano in ƙura ta shige shi sai maɓallai su daina amsawa. Lasifika in wuta ta ɗauke ta dawo da ƙarfi sai ta ƙone, mai gyara kuwa sai Tawa ko Ƙonni ko Maraɗi. Sabon kaya yawanci daga Kano ko Sakkwato yake fitowa, kuma duk wanda ya ga rufe iyakar Najeriya daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da wadda ta biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 har farkon 2024, ya san yadda ƙaramin abu ke zama gwal in hanya ta toshe.

A ganinmu, ƙungiyar da take farawa ta fara da abin da ake yi a gida. Goge ƙwarya ce da fatar guza da izgar doki. Kalangu itace ne da fatar ɗan akuya da tsirkiya. In ya fashe, mai gyaransa yana bayan kasuwa, kuɗin kuma a gari za su tsaya: masassaƙi ya samu, majemi ya samu, mahauci ma ya sayar da fatarsa. Ba ya bukatar wuta, ba ya tsoron ƙura. Yaron da hannunsa ya faɗa a kalangu in ya koma kan gangunan zamani ba ya shan wahala, don kunne ne ke kiɗa kafin hannu. Mun san samari sun fi son gita da fiyano, don su suke gani a waya. Ba laifi, a sayo in hali ya yi. Amma duk mawaƙin Nijar da ya yi suna a waje, da kayan gida ya yi shi, ko da salon gida a kan kayan waje. Ƙungiyar Mamar Kassey, wadda Yacouba Moumouni ya kafa a 1995, da sarewa da molo da kalangu da ƙwarya ta zagaya Turai, gita tana bi a baya.

Abin da ya fi kaya muhimmanci kuwa shi ne mai koyarwa. A kowane gari akwai tsofaffin ƴan samariya da makaɗan gado waɗanda suka san kiɗan noma da na kokawa da na maharba, suna zaune ba mai tambayarsu, kuma kowace shekara sai mun karanta sanarwar rasuwar wani. A Yamai akwai cibiyar koyar da kiɗa mai sunan Alhaji Taya, har da ɗakin ajiye kayan kiɗan gargajiya, amma yaro nawa ne daga Garhanga ko Karofan ko Bangi zai kai can? Tsohon da ke unguwa shi ne makarantar da ke hannu. In an ce ya zo ya koyar, a yanka masa wani abu duk wata, ko da tiya biyar ce ta hatsi. Aikin "don Allah" wata biyu yake yi ya mutu.

"Ɗana ba maroƙi ba ne"

Ga inda gizo ke saƙa. A ƙasar Hausa kiɗa gado ne, kuma har gobe akwai gidajen da in yaro ya ɗauki ganga sai a ce ya zubar da mutuncin dangi, za a hana shi mata. Akwai uban da zai ba da jika goma a saya wa ɗan wani kalangu, amma in ya ga nasa a fage sai sanda. Akwai kuma maganar addini, wadda malamai suka yi sabani a kanta tun ba yau ba, kuma ba mu ne za mu raba wannan gardama a shafin jarida ba. Abin da muke gani dai shi ne, makarantun Islamiyya da kansu suna da ƴan waƙe da ƴan mandiri, iyaye ne kuma ke ɗinka masu kaya ranar sauka ko maulidi. Ke nan tsarin tara wa yara kuɗi don su fita fage ba wanda bai san shi ba. Gardamar tana kan me ake faɗa a waƙar, da wane lokaci, da kuma wa ke tsaye a kan yara.

Nan ne amfanin iyaye ya wuce na kuɗi. Ƙungiyar da iyaye suka sa hannu ba ta kai wa tsakar dare, ba ta haɗa samari da ƴan mata ba mai ido a kansu, ba ta zagin kowa a waƙa. Ana horo bayan la'asar a tashi kafin magariba, in jarrabawar BEPC ko ta bak ta matso a ajiye ganga. Uwar da ta zuba dala ashirin tana da bakin cewa ɗiyata ba za ta kwana a wani gari ba sai da babbar mace a tare da su. Ƴan mata kuwa dama su ne masu gaɗa da shantu da kiɗan ƙwarya, ba wanda ya koya masu daga waje.

Wani zai ce, ana fama da abin da za a ci, wa ke ta kiɗa? Gaskiya ne, kuma yankin da ya ga yunwar 2005 da idonsa ba a yi masa wasa da maganar ciki. Shekarar da damina ta ƙi, asusun kiɗa shi ne na farko da ya kamata a dakatar. Amma mu dubi ɗaya gefen. Daga an gama girbi har ruwa ya sauka, wata bakwai ko takwas, yaron da ba shi da garka ba shi da jari me yake yi? Ko fada, inda tiramol ke zagayawa kamar goro, ko hanya. Tun da aka gano zinariya a Jado a 2014 an ga yadda garuruwa suka zama sai tsofaffi da mata, ban da masu bin sahara zuwa Libiya da Aljeriya, waɗanda wasunsu har yau ba labari. Ba mu ce ganga za ta hana yaro tafiya ba, don ganga ba ta cika rumbu. Amma yaron da ake jira ƙarfe huɗu, wanda in bai zo ba kiɗa ba ya tashi, ya san yana da wurin da ake lissafi da shi. Wanda ya taɓa renon saurayi ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Jiharmu ta Tawa ma tana da misalan da ba sai an je nesa ba. Mdou Moctar, ɗan arewacin jihar, wajen Abalak da Cintabaradan, gidansu ba su so ya yi kiɗa ba, sai ya haɗa gitarsa ta farko da katako da wayar birkin keke. A Sakkwato ya naɗi faifansa na farko a 2008, waƙoƙin suka yi ta yawo daga waya zuwa waya, yau kuwa yana cika manyan zauruka a Amurka da Turai. Fatou Seidi Ghali, ta ƙauyen Illighadad, a kan gitar ɗan uwanta ta koya, ƙungiyarsu ta ƴan mata ta fito a 2016 ta zagaya duniya. Sai dai kada a yaudari iyaye da irin waɗannan sunaye. Cikin yara ɗari da wuya a sami guda da zai ci abinci da kiɗa har tsufa. Sauran za su zama direbobi da teloli da masu sayar da albasa, kamar yadda ƴan samariyar jiya suka zama, amma za su tashi sun san zuwa kan lokaci da sauraron na kusa da su.

A wasu ƙasashe ma haka aka fara. A Benezuwela wani malami mai suna José Antonio Abreu ya tara yara 11 a wurin ajiye motoci a 1975, abin ya girma har ya kai dubun dubatar yara, ko da yake shi daga baya gwamnati ce ta ɗauka da kuɗin fetur. Wanda ya fi kama da halinmu shi ne na Kinshasa, inda Armand Diangienda ya kafa ƙungiyar makaɗa a 1994 da mutanen da yawancinsu ba su taɓa riƙe goge irin na Turawa ba, ana karɓa-karɓa da ƴan kayan da ke akwai, in tsirkiya ta tsinke a ɗaura wayar birki. Ko a Amurka mai arziki, iyayen yara ne ke toya kek suna sayarwa, suna wanke motoci, don a sayi kakaki da rigunan makaɗan makaranta.

Wa ke riƙe makulli

Ba rashin kuɗi ne ya fi kashe irin waɗannan ƙungiyoyi ba. Zargi ne. An tara, an ba mutum guda don ana jin kunyarsa, wata uku ba bayani, in an tambaya ya ce ana raina shi. Ko kuwa bai ci ko dala ba, amma da yake bai rubuta ba, ba shi da abin nunawa. Daga nan sai gulma ta shiga kasuwa, mata su janye, ƴan Abijan su yi shiru.

Maganin wannan ma a jiharmu aka gwada shi. A 2004 aka fara wani shiri na makarantun firamare a Tawa tare da taimakon Japan, wanda ya kafu a kan kwamitocin nan na COGES, da yanzu ake kira CGDES. Abin da ya bambanta shi da na da shi ne a zaɓi shugabanni da ƙuri'ar asiri maimakon a nuna wanda ake jin nauyi, a tsara aikin shekara a gaban taron gari, a dawo gaban taron a faɗi abin da ya shigo da abin da ya fita. Inda aka bi wannan, iyaye sun gina rumfunan karatu sun sayi alli da kuɗinsu. Mata Masu Dubara kuwa ba sa barin mai akwati ta riƙe makulli, kuma ba a buɗewa sai a gaban kowa. Ba wani sabon ilimi ake bukata ba. Mutanen da suka dasa layukan dogon yaro a kwarin Majiya tun 1975, da matan da suka ɗauki duwatsu a ka a aikin raya karkara na Keita da aka fara a 1984 da kuɗin Italiya, ba za a koya masu aikin gayya ba.

Abin da muke ba da shawara a kai, ma'aji ta zama mace mai sana'a, wadda ke da abin kanta, mai rubutu kuma ya zama wani dabam, ko malamin lakwal ko ɗalibin da ya iya lissafi. Duk abin da aka saya a karɓo takardarsa. Sannan a yanke tun ranar farko cewa kaya na ƙungiya ne, ba na yaron da ke kaɗawa ba, ko da ubansa ne ya fi kowa zubawa. In ba haka ba, ranar da mai gita ya yanke shawarar tafiya Agadas, gitar ce kuɗin motarsa. A rubuta wannan a takarda, mai unguwa ko hakimi ya sa hannu. In ƙungiya ta yi ƙarfi har tana son buɗe asusu ko neman tallafi, sai ta nemi takardar izini ta ƙungiyoyi ta hannun hukumar gunduma.

Hayar kaya ga masu biki hanya ce mai kyau ta samun kuɗin gyara, musamman bayan kaka da bayan sallah lokacin da aure ke yawa, amma ita ma tana da ƙa'ida: kaya ba ya fita sai da yaron da ya san shi, kuma dangin shugaba su biya kamar kowa. Mu a namu ɓangare, karanta sunayen waɗanda suka ba da gudummuwa a rediyo yana sa wasu su motsa, don ba mai son a ji sunan maƙwabcinsa a rasa nasa. Sai dai a karanta duka, mai jika hamsin da mai tiya guda, kuma in wata ta ce a sakaya sunanta saboda maigida, a sakaya.

Ga kantomomi da masu kula da gidajen matasa, ba kuɗi iyaye suka fi nema wajenku ba. Ɗaki mai ƙofa da makulli inda za a ajiye kaya, fili na horo sau biyu a mako, da sassauci a kuɗin izinin wasan da aka san na yara ne. Tawa ta karɓi bikin 18 ga Disamba a 2007, ta sake karɓa a 2017 da sunan Tawa Sakola, an yi gine-gine an kashe kuɗi, amma duk a babban birni abin ya tsaya. In za a sake gasar Ɗan Gurmu ko wata irinta, a fara tankaɗe daga gundumomi kamar da, a kuma sanar da rana tun da wuri, don iyaye ba sa tara kuɗi a kan ranar da ba a sa ba.

Lokacin fara zubi kuwa ba ya wuce biyu a shekara: kaka, sa'ad da hatsi ke gida, da lokacin cirar albasa. Wanda ya kira taron neman kuɗi a watan Yuli ko Agusta, rumbu ya yi ƙasa, kowa na gona, shi kaɗai zai zauna a kan tabarma. Kuma ranar da aka aiki wani Sakkwato ko Kano sayen gita, a ce masa ya haɗo da tsirkiya kashi uku ko huɗu, don ita ce ke fara tsinkewa, kuma ba kowane kanti ke ajiye ta ba.